Abubakar Imam (1911–1981): Ɗan Jarida Kuma Marubucin Tarihi

An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara, cikin jihar Neja ta yanzu, a 1911. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, da ya gama ya zama malami a Midil ta Katsina. Yana can ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar rubuta littattafai da Rupert East ya shirya a 1933, sai Magana Jari Ce ta biyo baya. Sunan da waɗannan littattafai suka yi masa ya kusa rufe aikin da ya fi cin ƙarfinsa, wato jarida.

A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ne editanta na Hausa. Turawa sun kafa ta ne don kashe jita-jitar da ta cika gari cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. A hannunsa kuwa ta zama dandalin koke-koke. Malaman makaranta da akawuna da sauran ma'aikatan En'e suka riƙa aiko wasiƙu kan haraji, da cin hanci, da ƙarancin makarantu, shi kuma yana lalubo hanyar buga su ba tare da an rufe jaridar ba. Mai neman sanin zaman talakan Arewa a wancan zamani zai fi samunsa a waɗannan shafuka fiye da a rahotannin Razdan.

A 1943 ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe. Ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya tsara, abin da har yau ake muhawara a kansa, amma ya gana da tsohon Gwamna Lugga ya zayyana masa damuwar 'yan bokon Arewa. Tafiyar ce ta haifi Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944. Daga baya ya koma ga tarihi kai tsaye, ya rubuta Tarihin Annabi da Hausa Bakwai cikin Hausar da ɗan firamare zai iya bi.

Kamfanin Gaskiya, mai buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya fito da jaridar Nigerian Citizen a 1948, wadda New Nigerian ta gaje ta a 1966. Lokacin Imam ya daɗe da barin jarida zuwa Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa. Ya rasu a Zariya a 1981.