Shaƙa Mai Ruwa Biyu: Nazarin Dabarar Ruotolotine a Kokawar Sallamawa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin wata dabarar shaƙa da ake yi daga bayan abokin karawa a kokawar sallamawa, wadda ta yi suna da Ruotolotine. Dabarar ta haɗa kullin shaƙar baya da tsarin shaƙar da ke tura kafaɗar mutum cikin wuyansa. An bi salsalarta daga judo zuwa jujitsun Barazil, an bayyana yadda take aiki a jiki, sannan an kafa hujjar cewa ƙwarewar masu kare kai ce ta haife ta, don haka darajarta tana cikin jerin dabarun da take tafiya tare da su.

Gabatarwa

A kokawar gargajiya da aka sani a ƙasar Hausa, da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare. A kokawar sallamawa kuwa, kayarwa somin taɓi ce. Ana ci gaba da fafatawa a kan katifa har sai ɗaya ya bubbuga hannu alamar ya sallama, ko dai saboda an murɗe masa gaɓa, ko kuma an shaƙe shi. Ba a naushi, ba a shuri, kuma a reshen da wannan maƙala ta fi mayar da hankali a kai ba a sa rigar judo mai kauri da za a iya kamawa.

A watan Afrilu na 2024, a filin Lumpinee da ke Bankok, wasu tagwaye 'yan Amurka, Kade da Tye Ruotolo, suka hau dandalin ONE Championship a rana guda. Kade ya kara da Francisco Lo na Barazil, Tye kuma ya kare kambunsa a gaban Izaak Michell na Ostareliya. Dukansu biyu suka gama wasa da shaƙa iri ɗaya, daga baya, da hannun abokin karawa a cikin kullin, wato Ruotolotine, wadda ta ɗauki sunansu. Tambayar da ta dace a yi ita ce: me ya sa 'yan wasa masu irin wannan ƙwarewa suka bar shaƙar baya ta asali, wadda kowa ya amince ita ce mafi inganci, suka koma ga wadda aka daɗe ana yi wa kallon kuskure?

Matsayin kamun baya

Babu wurin da ya fi bayan mutum tsada a wannan wasa. Wanda ya hau bayan abokin karawarsa yana ganin komai, shi kuma na gaba ba ya ganin komai, kuma hannuwan ɗan Adam ba a halicce su don aiki ta baya ba. Shi ya sa dokokin hukumar IBJJF suke ba da maki 4 ga wanda ya kama baya ya zura dugadugansa biyu a cinyoyin abokin karawa, alhali tsallake ƙafafunsa maki 3 ne kawai.

Shaƙar da ta fi shahara daga nan ita ce wadda Japanawa ke kira hadaka jime, 'yan Barazil kuma mata leão. Ana zagaye wuya da hannu ɗaya har gwiwar hannu ta daidaita da haɓa, a kama damtsen ɗaya hannun, shi kuma a kai shi ƙeya, a matse. Da ita Royce Gracie ya gama da Gerard Gordeau a wasan ƙarshe na gasar UFC ta farko a Denver a 1993. Da ita Marcelo Garcia ya sumar da Vitor Ribeiro a gasar ADCC ta 2003 a São Paulo. Da ita kuma Gordon Ryan ya ci André Galvão a Las Vegas a 2022.

Garcia ne ya yaɗa riƙon da ya zama ginshiƙin kamun baya ba tare da riga ba: hannu ɗaya ya bi ta saman kafaɗa, ɗaya ya bi ta ƙarƙashin hammata, su haɗu a ƙirji kamar bel ɗin mota. A wannan tsari aikin ya rabu. Hannun sama shi ne mai shaƙa, hannun ƙasa kuma mai riƙo ne, yana hana mutum juyawa ko zamewa. Duk abin da za a tattauna a ƙasa ya taso ne daga wannan rabon aiki.

Yadda shaƙa ke aiki

Mutane da yawa suna zaton shaƙa toshe numfashi ce. Shaƙar da 'yan wasa ke nema ta jini ce. A gefe biyu na wuya akwai manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa da waɗanda ke dawo da shi. Idan aka danne gefen biyu lokaci guda, hankali yana gushewa tun kafin huhu ya ji ƙishin iska. Binciken da Rossen da Kabat da Anderson suka wallafa a Amurka a 1943, inda suka yi amfani da wani maɗauri da ake hurawa a wuya, ya nuna cewa suma tana zuwa cikin daƙiƙa 10 ko ƙasa da haka idan an tsayar da jinin gaba ɗaya.

Abin lura a nan shi ne sharaɗin gefe biyu. Jijiya ba ta san abin da ya danne ta ba. A shaƙar baya ta asali, damtse ne ke danne gefe ɗaya, sangalin hannu ya danne ɗayan. A dangin shaƙa mai kusurwa uku kuwa, irin su kata gatame da D'Arce, hannun mai shaƙa gefe ɗaya kawai yake dannewa, ɗaya gefen kuma kafaɗar wanda ake shaƙewa ce ake turawa cikin wuyansa. Ruotolotine ta ɗauki kullin dangi na farko da tsarin dangi na biyu, kuma wannan ne ya sa ta zama mai ruwa biyu.

Kariyar da ta haifi dabarar

Duk ɗan wasan da ya yi 'yan shekaru a kan katifa ya san abin da zai yi idan an hau bayansa. Zai sauke haɓa ya manna ta da ƙirji, ya ɗaga kafaɗu, ya sa hannuwansa biyu ya damƙe hannun sama a tsintsiya da sangali. Hannu biyu a kan hannu ɗaya, kuma lokaci yana tafiya. A manyan gasa an sha ganin mutum ya kwashe mintuna a bayan abokin karawa bai sami wuya ba.

Malamai sun amsa wannan matsala ta hanyoyi daban-daban. John Danaher, ɗan Niyu Zilan da ya daɗe yana koyarwa a makarantar Renzo Gracie a New York, ya gina tsarin da ake danne hannu ɗaya na mai kare kai da ƙafa, ta yadda lissafi zai juye ya zama hannu biyu na mai hari a kan hannu ɗaya na mai kariya. Daga nan kuma akwai ushiro sankaku, inda ƙafafu ke kulle wuya da hannu ɗaya ta baya. Duka biyun suna ƙoƙarin rage yawan hannuwan mai kariya ne.

Amsar tagwayen Ruotolo ta bi wata hanya dabam. A lura da jikin mai kariya a daidai lokacin da yake kokawa da hannun sama. Hannuwansa biyu suna kusa da haɓarsa, gwiwar hannunsa ta rabu da haƙarƙari, hammatarsa ta buɗe. Hannun ƙasa na mai hari, wanda ba wanda ya damu da shi, yana nan a cikin wannan hammatar. Sai ya zura shi can ciki, ya haye ƙirji a karkace, har sangalinsa ya kai ɗaya gefen wuya. Tafin ya kama damtsen ɗaya hannun, wancan hannun ya koma bayan kai, ƙirjin mai hari ya tokare allon kafaɗa ya tura ta gaba da sama. Yanzu kafaɗar mai kariya ta shige gefe ɗaya na wuyansa, sangalin mai hari yana ɗaya gefen. Sauke haɓa bai cika yin amfani ba, domin hannun daga ƙasa ya taso, ba daga inda aka kafa tsaro ba.

Hujjar wannan maƙala ke nan. Ba don mai kariya ya ƙware wajen tsare hannun sama ba, da wannan ƙofa ba ta buɗe ba. Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Amfanin dabarar mafi girma shi ne ta soke tsohon rabon aiki: hannun riƙo ya zama mai shaƙa. Mai kariya yanzu yana da abin tsoro biyu. Idan ya ɗaga hannu ya tsare sama, ƙasa ta buɗe. Idan ya matse gwiwar hannu ya rufe hammata, ya rage ƙarfin da yake tare hannun sama da shi, shaƙar asali ta dawo. Ko da Ruotolotine ba ta kammalu ba, tsoronta kaɗai yana ƙara wa tsohuwar shaƙa kaifi.

Salsala

Sunan sabo ne, tunanin kuwa ya daɗe. A Katame no kata, jerin dabarun ƙasa na makarantar Kodokan da Jigoro Kano ya kafa a Tokyo a 1882, akwai shaƙa biyar, uku daga cikinsu daga baya ake yi: hadaka jime, okuri eri jime da kata ha jime. A ta ƙarshen, hannu ɗaya yana jan wuyan riga, ɗayan kuma yana bi ta ƙarƙashin hammata ya ɗaga hannun abokin karawa ya wuce zuwa ƙeyarsa. Wato tun a wancan zamani an san cewa hannun da ke hammata zai iya shiga aikin shaƙa. Wannan ilimi ya isa Barazil tare da Mitsuyo Maeda a 1914, ya bunƙasa a hannun zuriyar Gracie da wasunsu. Haka kuma shaƙar sode guruma jime, wadda 'yan Barazil suka laƙaba wa sunan ɗan judo Ezequiel Paraguassú, tana da nau'in da ake yi daga baya da hannu a ciki, ana kama hannun riga.

Duk waɗannan sun dogara da tufafi. Da aka kafa gasar ADCC a Abu Dabi a 1998 ƙarƙashin Shaikh Tahnoun bin Zayed, aka cire riga, sai wuyan riga da hannunta suka ɓace, aka bar 'yan wasa da fata da gumi. Abin da tagwayen suka yi shi ne samo kullin da zai maye gurbin tufafin. Kuma ba abin mamaki ba ne da ya fito daga gare su. A wancan lokaci ɗaliban André Galvão ne a makarantar Atos da ke San Diego, sun yi fice da D'Arce tun suna ƙanana, don haka idonsu ya saba ganin kafaɗa a matsayin rabin shaƙa. Kade ya zama zakaran ADCC mafi ƙarancin shekaru a 2022, yana ɗan shekara 19, a ajin kilo 77.

Ƙorafe-ƙorafen da ake yi

Malaman da ke hana ɗalibai shaƙa da hannu a ciki suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Na farko, kafaɗa tana ƙara faɗin abin da za a zagaye, don haka mai gajeren hannu zai sha wahala a kan mai faffaɗan ƙirji. Na biyu, idan kafaɗar ba ta manne da wuya sosai ba, gefe ɗaya yana nan a buɗe, jini yana wucewa, mai hari zai yi ta matsa har damatsansa su mutu a banza. Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, idan kusurwar ba ta daidaita ba, matsin yana komawa kan muƙamuƙi da ƙashin wuya. Mutum zai sallama, amma don zafi da tsoron rauni, kuma irin wannan lanƙwasa tana iya barin ciwon da zai daɗe.

Waɗannan ƙorafe-ƙorafe gaskiya ne, sai dai suna nuna sharuɗɗan dabarar ne. Tana buƙatar zurfin hannu, da karkata jiki zuwa gefen hannun da aka kama, da ƙafafun da suka riƙe ƙugu har ƙarshe. Kuma idan mai kariya ya juyo don ya kuɓuta, sau da yawa yakan faɗa cikin kata gatame ta gaba, domin kai da hannu suna nan a kulle. Dabarar da gazawarta ke kai mutum ga wata dabara ta cancanci gurbi a manhaja, ko da ba ta dace da kowane jiki ba.

Kammalawa

An nuna cewa Ruotolotine ta tsiro ne daga matsalar da ƙwararriyar kariya ta haifar, tana da tushe a judo, kuma tana aiki bisa ƙa'idar danne gefe biyu na wuya kamar sauran shaƙoƙin jini. Daga nan shawarwari uku suka fito. A koyar da ita bayan ɗalibi ya iya riƙe baya ya kuma ƙware a shaƙar asali, domin ita ce abokiyar tafiyarta. A riƙa gwada ta a hankali, abokin atisaye yana faɗin ko jini yake ji ya tsaya ko ƙashi ke ciwo, har mai koyo ya bambance shaƙa da lanƙwasa. Sannan a saki nan take da an bubbuga hannu ko jiki ya saki, domin a wannan kulli hannu ɗaya na mai kariya a ɗaure yake, alƙalin wasa da malami dole su sa ido a kan ɗayan. Ga masu nazari kuwa, aikin da ya fi dacewa a yi shi ne ƙirga yadda shaƙar asali ke samun nasara a hannun 'yan wasan da ke barazana da hannu biyu, a kwatanta da masu dogaro da hannun sama kaɗai, domin a nan ne za a iya gwada hujjar da aka kafa a wannan maƙala.