Garin Da Ya Dace Da Ɗan Fansho

Ma'aikacin gwamnatin tarayyar Najeriya kan yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Fansho kuwa da wuya ya iya ɗaukar hayar Abuja, inda akan biya kuɗin shekara a dunƙule, shi ya sa da yawa kan koma garuruwa masu rahusa. Sai dai arhar gida kaɗai ba ta isa ma'auni ba. Idan tsufa ya zo, kusanci da asibiti ne kan gaba. Keffi na da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, Zariya kuma na da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Daga nan sai a duba tsaro, ruwan sha da dangin da za su leƙo ranar da jiki ya ƙi daɗi.