TARIHI: Ranar da sojan Amurka suka buɗe biro don binciken fitilun sama

Duk mun san yadda ake: lokacin zafi ana kwance tsakar gida, wani ya hangi wuta tana tafiya a sama ba ƙara, kafin safe gari ya ɗauka. Wannan ya ce aljannu, wancan ya ce jirgin leƙen asiri. To, a Amurka irin wannan magana har biro aka buɗe mata.

Ranar 24 ga Yuni 1947 wani matuƙin jirgi, Kenneth Arnold, ya ce ya ga abubuwa tara masu walƙiya suna gudu kusa da dutsen Rainier. Jaridu suka raɗa masu suna "faranti mai tashi". Daga nan kowa sai ya fara gani. Lokacin ana zaman doya da manja da Tarayyar Sobiyet, soja suka ji tsoro kada ya zam sabon makamin Rasha ne.

A 1952 sojan sama suka kafa shirin Blue Book a barikin Wright-Patterson, jihar Ohio. Manomi, ɗan sanda, direba, kowa ya ga abu sai ya kai rahoto: ƙarfe nawa, ta wane ɓangare, wace kala. Masanin taurari J. Allen Hynek yana duba masu.

Daga 1947 zuwa 1969 da aka rufe biron, rahoto 12,618 aka tara. Mafi yawa an gane su: balan-balan na auna yanayi, jiragen sama, gajimare, ko Zara matar wata da kanta. Guda 701 suka rage ba bayani. Soja suka ce ba barazana, kuma ba shaidar baƙi daga wata duniya.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Tun 1955 Amurka tana gwajin jirgin leƙen asiri U-2, mai hawa kusan kilomita 20, sama da duk jiragen fasinja. Bayan rana ta faɗi a ƙasa, shi can sama haskenta yana bugun fukafukansa masu ruwan azurfa, sai ka ga kamar wuta. Ma'aikatan Blue Book sukan tambayi masu jirgin, su tabbatar shi ne, amma ba damar faɗi. Sai a ce wa mutum ƙanƙara ce cikin iska. Sai a 1997 wani binciken CIA ya amsa haka, har ya ce fiye da rabin rahotannin ƙarshen shekarun 1950 da na 1960 irin waɗannan jirage ne.

Kun gani ke nan, talaka bai yi ƙarya ba, idonsa ya gani. Wanda ya kai wa ƙara shi ne mai kayan. Shi ya sa har yau Amurkawa da yawa ko gomnati ta faɗi gaskiya ba su yarda, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Mu ma da jirage marasa matuƙi suka tashi daga Agadez shekara da shekaru, mun san sama ba taurari kaɗai gare ta ba. In mun ga abu, mu riƙe lokaci da wuri kafin mu tura a WhatsApp. Hukuma kuma ta yi bayani da wuri, don in ta yi shiru jita-jita ce za ta amsa.

Ku fa, me kuka taɓa gani a garinku?