Daga Gungume Zuwa Kwamfuta: Asalin "Log In"

Daga cikin mas'alolin nahawun Ingilishi da suka daɗe suna wahalar da baƙin harshen, har Samuel Johnson ya yi nuni gare su a muƙaddimar ƙamusunsa na 1755, akwai ɗabi'ar nan ta ɗauko fi'ili a raɓa masa ɗan harafi, sai ma'ana ta kauce daga inda aka san ta. Kuma cikin irin waɗannan fi'ilai da wuya a sami wanda ya kai "log in" yawo a bakin jama'a yau, alhali kuwa ƙalilan ne daga masu furta shi suka san cewa a teku aka haife shi.

A asalin lugga, "log" gungumen itace ne. Matuƙan jiragen da iska ke korawa, da yake idan tudu ya ɓace musu ba su da hanyar sanin nisan da suka ci gabas ko yamma face ta hisabi, sai suka ƙago dabarar auna sauri, wadda William Bourne na Ingila ya bayyana a littafinsa na 1574. Ɗan katako ake samu, wanda shi ma "log" ake ce masa, a sa masa dalma a gindi domin ya tsaya cikin ruwa, a ɗaura masa doguwar igiya da aka naɗe a wani abu mai kama da kwarkwaron masaƙa. Mutum ɗaya ya jefa katakon ta bayan jirgi, na biyu ya ɗaga abin naɗin sama igiya tana warwara, na uku ya kifa agogon rairayi. Da zarar rairayin ya ƙare sai a damƙe igiyar, a ƙirga ƙullin da suka fita. A ƙa'idar da aka daidaita a kanta daga baya, tsakanin ƙulli da ƙulli ƙafa 47 ne da inci 3, agogon kuwa na sakan 28, ta yadda adadin ƙullin zai zo daidai da adadin mil na teku da jirgi ke ci a sa'a guda. Shi ya sa har gobe da ƙulli ake faɗin saurin jiragen ruwa da na sama.

Abin da aka samu, tare da alƙiblar da aka fuskanta da halin iska, a allo ake fara rubuta shi da alli, sannan a juye shi cikin daftari. Sai daftarin ya gaji sunan katakon, daga nan kuma sunan ya zama fi'ili mai ma'anar shigar da abu cikin rajista. Ba ƙaramin martaba wannan littafi ya samu ba, domin bayan dokar da Birtaniya ta kafa a 1850 ya wajaba jiragen fatauci su riƙe daftari na hukuma, inda ake rubuta rashin lafiya da mutuwa da laifin ma'aikaci da tarar da aka ci shi, ya kuma zama hujja a gaban alƙali.

A nan ne, a ganina, masu ɗaukar kalmar da ma'anar shiga kawai suke barin rabinta a baya, domin haƙiƙar fi'ilin rubutawa ce, shigar kuwa harafin da ke biye ne ya kawo ta. Lokacin da Fernando Corbató da abokan aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna, a 1961, tsarin da zai bai wa mutane da dama damar amfani da kwamfuta ɗaya a lokaci guda, tilas ta sa kowa ya gabatar da kansa, wato ya yi "log in", daga bisani har da kalmar sirri, saboda na'urar tana da tsada matuƙa, kuma ana lissafin sa'o'in da kowa ya ci a kanta. Wani ɗalibi mai suna Allan Scherr, da ya ga sa'o'i 4 da aka yanka masa a mako ba za su ishe shi bincikensa ba, sai ya yi hila ya sa na'urar ta buga masa dukkan kalmomin sirrin, ya riƙa shiga da sunayen wasu, ana rubuta lokacin a kansu.