Bajamushen Da Ya Yi Zaman Jira A Wurno: Abin Da Abdulkarim Ya Gani A 1853

 Ga rubutaccen shirin wannan mako, saboda masu ƙarancin data.

Na san da yawanku kuna cin karo da bidiyon nan na baƙi masu ba da labarin abin da ya ba su mamaki a ƙasar wasu. Za ka ga Bajamushe ya koma Amurka da zama, yana mamakin yadda mai kanti ke tambayarsa lafiya alhali bai san shi ba, ko yadda shaguna ke buɗe ran Lahadi. To mu ma an taɓa yi mana irin wannan kallon. Sama da shekara 170 da suka wuce wani Bajamushe ya zauna a Wurno, ya yi ta rubuta abin da ya gani.

Sunansa Heinrich Barth, haifaffen Hambug a 1821, amma a ƙasarmu da Abdulkarim aka san shi. Gwamnatin Ingila ce ta turo su su uku, suka taso daga Tarabulus a 1850. Richardson ya rasu a 1851, Overweg a 1852, ya rage saura shi kaɗai. Yana jin Larabci tun kafin ya zo, a hanya kuma ya koyi Hausa da Barbarci da Fillanci, don haka hira yake da mutane baki da baki.

A watan Maris na 1853 ya bar Katsina ya nufo yamma. Lokacin hanya ba lafiya, Gobirawa na kai hari, shi ya sa ayarinsu ya ratsa dajin Gundumi cikin tafiyar kusan awa 26 ba zango. Mutanen Rabah da Goronyo, kun san dajin da nake nufi, kun kuma san har yau ba a shigarsa da wasa. Da suka fito sai suka tarar da sansanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello a Gawasu, yana shirin fita yaƙi.

Darasin farko da baƙon nan ya koya tun a Katsina shi ne, ba a zuwa gaban sarki hannu rabbana. A tunanin Bature, ka zo da takardar gwamnatinka, magana ta ƙare. A nan kuwa gaisuwa ce ke buɗe baki. Cikin kayan da ya miƙa wa Aliyu har da ƙananan bindigogi guda biyu masu ado, kuma sun burge Sarki ƙwarai. Buƙatunsa biyu ne: takardar aminci ga fataken Ingila, da izinin wucewa Tumbutu. Aliyu ya karɓe shi da fara'a, ya amince, amma sai baƙo ya je Wurno ya jira a dawo daga yaƙi. Ya kuma aika masa da wuri 100,000 na cefane.

Ku tsaya ku ji lissafin kuɗin nan. A Kano a lokacin, wuri 2,500 ne dala ɗaya ta azurfa. Ke nan kyautar Sarki dala 40 ce, amma nauyinta kusan kayan raƙumi guda ne. Ga shi ba a shirya wurin a zare kamar yadda ake yi a bakin teku, zube yake, sai an zauna an ƙirga biyar-biyar. Tun a Tasawa Barth ya ga an yi aikin ƙirga 500,000, ya ce wannan kam jarumtaka ce. Mutumin da ya saba jefa kuɗinsa a aljihu ya wuce, yau ga shi kuɗinsa sai a buhu. Ku da kuke ƙorafi in turin kuɗi ta waya ya yi jinkirin minti biyar, kun ji yadda kakanni suka yi.

Sai goro. Barth ya lura ba a zama ba a tashi sai da shi, ya rasa yadda zai fahimtar da mutanensa, sai ya ce musu matsayinsa a nan kamar na gahawa ko shayi ne a can. Kun ga halin baƙo ke nan, duk abin da ya gani sai ya auna shi da mudun gidansu. Haka ya saba da fura da tuwo, don ba shi da zaɓi.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne jira. Ya shiga Wurno farkon Afrilu, bai fita ba sai farkon Mayu. Shi yana lissafin kwanaki, yana ganin damina na ƙaratowa, guzurinsa na ƙarewa. Su kuwa masu masauki a wurinsu baƙon Sarki ba ya sallamar kansa, sai an sallame shi. Shi yana ganin ɓata lokaci, su suna ganin martaba. Har yau in kun lura, yawancin saɓaninmu da Turawa a wurin aiki daga nan yake farawa.

Amma jiran nan ne ya yi mana rana. Da an sallame shi a kwana uku, da bai san Wurno ba. Ya kwatanta garin da Bello ya kafa a matsayin ribaɗi, a kan tudu yana kallon fadamar gulbin Rima, ya ƙiyasta mutanensa 12,000 zuwa 13,000. Bai ɓoye ba, ya yi ƙorafin cunkoson lungunan da ƙazantar wasu wurare. Ya leƙa Sakkwato na 'yan kwanaki, ya ga gidan da Clapperton, wanda ake kira Abdullahi, ya rasu a 1827. A wannan zaman ne ya karanta rubuce-rubucen shugabannin jihadi, ya kuma san Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu, wanda ya ɗauka a matsayin mafi ilmin mutanen Sakkwato na zamanin. Ku duba fa: mai digirin dakta daga Jami'ar Balin, ya zo yana ɗaukar darasin tarihin Songhai a bakin malamin ƙasarmu.

Kada ku ɗauka ko'ina tarba ɗaya ya samu. Da ya isa Gwandu, Sarki Halilu bai yarda sun haɗu ido da ido ba, aka kuma ce masa gaisuwarsa ba ta kai wadda ya kai wa Aliyu ba, dole ya ƙara. Daula ɗaya, gida ɗaya, hali daban. Wannan ma gargaɗi ne ga mai zuwa gari ɗaya ya dawo yana cewa ya san halin ƙasa duka.

Ya sake dawowa Wurno a daminar 1854 bayan zaman Tumbutu, a jigace, atini ya kwantar da shi makonni. A can Turai har an baza labarin ya mutu. Cikin abin da ya taimaka masa ya miƙe akwai haɗin gida: dakakkiyar shinkafa da nono da 'ya'yan bagaruwa. Farkon Oktoba ya kama hanyar Kano.

Akwai ɓangaren da bai kamata mu tsallake ba. Barth ya ga bauta a kasuwa da cikin gidaje, ya rubuta. Cikin masu yi masa hidima akwai yara biyu 'yantattu, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, an kama shi yana ƙarami aka sayar. A 1855 suka bi Barth Turai, sai reshe ya juye da mujiya: yanzu Bahaushe ne ke kallon Bature. Dorugu ya ba wani malamin mishan mai suna Schön labarinsa da Hausa, har da yadda Turawa ke zaman cin abinci da irin shigar matansu, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Shi ma da mudun gidansu ya auna su.

To ga abin da nake so mu tafi da shi. Malamanmu na ƙarni na 19 sun rubuta fiƙihu da tarihin yaƙi da nasaba, Allah ya saka musu. Amma kuɗin cefane, yadda ake ƙirga wuri, yadda lungun Wurno yake, waɗannan ba su cika damuwa da rubuta su ba, don kowa ya sani. Abin da kowa ya sani kuwa shi ne ke fara ɓacewa. Shi ya sa yau in muna neman rayuwar yau da kullum ta kakanninmu, sau da yawa sai mun koma littattafai biyar da baƙo ya buga a 1857 da 1858, da son ransa da kuskurensa duka.

Wa ke rubuta namu na yau? Farashin buhun albasa a Wurno, ranar kasuwar Goronyo, yadda kakarka ke dama fura, sunayen unguwanni da dalilinsu. In ba mu rubuta ba, jikokinmu ma sai sun jira baƙo.

Ku gaya mana, in baƙo ya sauka garinku yau, me zai fara ba shi mamaki? Sai mun ji daga gare ku. Allah ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, mu kwana nan.