Hanta, Huhu da Lissafi: Yadda Aka Gano Zagayawar Jini

A shekarar 2028 ɗan littafin da likitan Ingila William Harvey ya wallafa a birnin Frankfurt kan motsin zuciya da jini zai cika shekara 400, kuma tun yanzu tsohuwar gardama ta fara tasowa. Wasu na cewa Harvey ne ya gano zagayawar jini. Wasu kuma, musamman a ƙasashen Musulmi, na cewa Ibnu Nafis ya riga shi da kusan ƙarni huɗu, Turawa suka kwashe suka binne sunansa. A ganina kowane ɓangare ya tsallake abin da ya daɗe yana tare hanya, wato hanta. Muddin likitoci sun yarda cewa hanta ce ke ƙera jini, babu wanda zai yi tunanin jini yana komawa inda ya fito.

Tun zamanin Fir'aunoni likitocin Masar sun lura cewa bugun da ake ji a wuyan hannu daga zuciya yake. Amma wanda ya kafa karatun da duniya ta bi shi ne Jalinus, Bagirken da aka haifa a Pergamon a shekarar 129, wanda ya yi jinyar 'yan wasan takobi kafin ya zama likitan sarakunan Rum. Birai da aladu ya fi feɗewa, ba mutane ba. Ya koyar da cewa abinci yana zuwa hanta ya zama jini, jinin ya bazu cikin jiki, gaɓoɓi su shanye shi kamar yadda shuka ke shanye ruwan ban-ruwa. Don ya bayyana yadda jini ke isa ɓangaren hagu na zuciya, sai ya ce akwai ƙananan huji a bangon da ya raba ta biyu, waɗanda ido ba ya gani. Wannan huji da babu shi ya rayu cikin littattafai fiye da shekara dubu.

Mutumin da ya fara toshe shi shi ne Ala'uddin Ibnu Nafis, wanda ya yi karatun likita a Dimashƙu, ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a can a 1288. Masanin fiƙihun Shafi'iyya ne kuma. A sharhin da ya yi wa sashen ƙirar jiki na littafin likitanci Alƙanun na Ibnu Sina, wajen 1242, ya faɗi ƙarara cewa bangon nan mai kauri ne, ba shi da kafa ta fili ko ta ɓoye. Dole jini ya fita daga ɗakin dama na zuciya ya bi jijiya zuwa huhu, ya gauraya da iska, sannan ya dawo ɗakin hagu. Ya ƙara da cewa ɗakunan ƙasa na zuciya biyu ne, ba uku ba kamar yadda Ibnu Sina ya rubuta, kuma naman zuciya yana samun abincinsa ne daga jijiyoyin da ke ratsa shi. Masu rage masa daraja suna cewa dace ya yi, tunda shi da kansa ya rubuta cewa shari'a da tausayi sun hana shi feɗe gawa. Wannan suka ba ta da ƙarfi. Wanda ya ƙaryata manyan malamai biyu a kan batutuwa uku, kuma duka ukun suka fito daidai, ba za a ce da shi mai canki-canka ba. A zamanin da ake karɓar maganar Jalinus ba tare da tambaya ba, ja da ita kaɗai jarumta ce.

To, an yi masa sata? Sunansa ya dawo fili ne a 1924, lokacin da wani ɗalibin likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya ci karo da rubutun a ɗakin karatu na Barlin. Masu zargi suna nuna Andrea Alpago, likitan Italiya da ya daɗe a Dimashƙu, wanda aka buga fassararsa ta wani aikin Ibnu Nafis a Venice a 1547. Shekara 6 bayan haka Michael Servetus ya bayyana hanyar huhu cikin littafin tauhidinsa, wanda ya jawo aka ƙone shi a Geneva a 1553, sai Realdo Colombo ya biyo baya a 1559. Jerin shekarun yana sa mutum ya ɗaga gira. Sai dai abin da aka buga na Alpago bai ƙunshi maganar huhu ba, kuma ko da an tabbatar da aron, ba zai warware gardamar ba. Ibnu Nafis da Servetus da Colombo duk sun bar hanta a kan kujerarta. A wurinsu jini ya ratsa huhu, amma ƙarshensa gaɓoɓi ne za su cinye shi. Wannan rabin hanya ce, ba zagaye ba.

Abin da Harvey ya zo da shi, wanda ba a ga irinsa a wurin magabatansa ba, shi ne ƙidaya. Ya kammala karatu a Padua a 1602 a hannun Fabricius, wanda ya yi bayanin 'yan ƙofofin da ke cikin jijiyoyin jini amma bai gane aikinsu ba. Harvey ya auna abin da ɗakin hagu ke ɗauka, ya ɗauki ɗan kaso kaɗan a matsayin abin da ke fita a kowane bugu, ya ninka da bugun rabin awa. Ko da mafi ƙarancin ƙiyasi, jinin da ya fita ya zarce wanda ke jikin mutum gaba ɗaya. Wace hanta ce za ta ƙera wannan, kuma daga wane tuwo? Yau mun san zuciyar baligi tana tura kusan lita 5 a minti ɗaya, kimanin dukan jininsa ke nan. Sannan ya kawo gwajin da kowa zai iya yi. A ɗaure damtse har jijiyoyin hannu su taso da 'yan ƙullutu a jikinsu, wato wuraren 'yan ƙofofin nan. A danne jijiya ɗaya da yatsa, a shafe jinin zuwa sama ya wuce ƙullutun gaba. Wurin zai kwanta fayau, jini ba zai dawo daga sama ba, sai an ɗaga yatsan ƙasa ya cika. Jinin waɗannan jijiyoyi zuciya ya nufa, ba yatsu ba.

Masu sukarsa sun tambaye shi ta ina jini ke tsallakawa daga jijiyoyi masu harbawa zuwa masu mayarwa, kuma bai iya nunawa ba. Ya rasu a 1657. A 1661 Marcello Malpighi ya ɗora huhun kwaɗo a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga siraran hanyoyin da suka fi gashi ƙanƙanta suna haɗa su. Bambancin wannan da hujin Jalinus shi ne lissafi ya riga ya tilasta samuwar waɗannan hanyoyi kafin ido ya gan su.

Hanta kuwa ta wata ƙofa aka ƙarasa tuɓe ta. A 1622 Gaspare Aselli ya buɗe cikin karen da bai daɗe da cin abinci ba, ya ga fararen jijiyoyi a jikin hanji, da ya huda ɗaya sai wani ruwa kamar madara ya fito. Shi ma ya ɗauka hanta suke zuwa. A 1651 Jean Pecquet na Faransa ya bi sawunsu, ya tarar sun taru a bututu guda da ya haura ƙirji ya zube cikin babbar jijiya kusa da gindin wuya, bai ko biya ta hanta ba. Wannan shi ne tsarin da Bahaushe ya sani ta alamominsa, kaluluwar da ke fitowa a matsematsi idan ƙafa ta yi gyambo, da tundurmi idan tsutsa ta toshe hanyoyin. Harvey da kansa bai gamsu da binciken Pecquet ba. Olof Rudbeck na Sweden da Thomas Bartholin na Denmark suka ƙarasa bin hanyoyin a sauran jiki, suka kuma yi ta rigima kan wanda ya riga wani. A 1653 Bartholin ya rubuta wa hanta ta'aziyya a littafinsa, yana sanar da cewa mulkinta na ƙera jini ya ƙare.