Yadda aka gano ƙwayoyin gadon HLA ta hanyar lalata sel

A fuskar kusan kowane sel na jikin mutum akwai wasu furotin da ake kira HLA. Su ne shaidar da garkuwar jiki ke dubawa ta bambance na gida da baƙo, kuma rashin dacewarsu ne babban abin da ke sa jiki ya ƙi ƙodar da aka dasa masa.

Binciken ya faro ne da ɓeraye. Peter Gorer a Landan ya gano ɗaya daga cikin irin waɗannan alamu a 1936, sannan George Snell a Amurka ya shafe shekaru yana haɗa ɓeraye barbara har ya ware yankin gadon da ke da alhakinsu. A 1958 Jean Dausset na Faransa ya bayyana alamar farko a jikin ɗan Adam. Snell da Dausset da Baruj Benacerraf suka raba kyautar Nobel ta 1980.

Sai dai mutum ba ɓera ba ne. Ba a haɗa mutane aure don gwaji, kuma ƙwayoyin gadon HLA suna cunkushe ne wuri guda a kan kromosom na 6, ana gadonsu a dunƙule, don haka nazarin iyalai bai isa ya tsefe su ɗaya bayan ɗaya ba.

Mafitar ta fito daga ɗakin gwaji. Donald Pious a Seattle da Robert DeMars a Jami'ar Wisconsin suka koma ga fararen ƙwayoyin jini da ake rainonsu a kwalba suna ta hayayyafa. DeMars ya yi aiki da wani layin sel mai lamba 721. Yakan haska masa hasken gamma don ya ɓarke gutsattsarin kromosom, sannan ya zuba sinadaran garkuwa masu kashe duk sel ɗin da ke ɗauke da wata alamar HLA. Wanda ya tsira, shi ne ya rasa alamar. Idan alamu biyu suka yawaita ɓacewa tare, to maƙwabta ne, kuma da haka aka riƙa zana taswirar yankin. Rahoton wannan aiki, wanda Paula Kavathas da Fritz Bach da DeMars suka rubuta, ya fito a 1980.

Ribar da ta fi girma ta zo ne daga sel ɗin da suka ɗaure wa masana kai. A 721.134 da 721.174, waɗanda aka samo daga layin 721, ƙwayoyin gadon wani rukunin HLA da ake kira aji na ɗaya lafiya lau suke, amma furotin ɗin ba sa isa fuskar sel yadda ya kamata. Ashe wani abu ne daban ya lalace. A 1990 Thomas Spies da DeMars, tare da wasu ƙungiyoyin masu bincike, suka gano ƙwayoyin gadon da daga baya aka sa wa suna TAP, masu jigilar gutsattsarin furotin zuwa inda ake ɗora su kan HLA. Da aka mayar wa 721.134 lafiyayyen TAP1, ɗaya daga cikinsu, a 1991, alamun suka dawo. Wannan hujja ce mai ƙarfi wadda nazarin jinin iyalai ba zai taɓa bayarwa ba.

Ta wannan hanya sel ɗin Pious suka tona aikin wani furotin mai suna HLA-DM a 1994, kuma wani sel ɗin mai lamba 721.220 ya taimaka wajen fayyace aikin furotin ɗin tapasin. A 1999 aka kammala karanta jerin DNA na yankin gaba ɗaya.